Shin Marowaci Yana Sauya Hali a Dare Ɗaya? Amsa Kan Labarin Scrooge

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare, kuma a zangon nan an ba ni littafin A Christmas Carol na Charles Dickens in karanta da 'yan ajina. Sau biyu na karanta shi amma ban gamsu ba. Mutum ya tsufa yana rowa, a dare ɗaya fatalwowi su razana shi, gari na wayewa ya zama mai kyauta? Ni a ganina tsoron kabari ne kawai ya kama shi. Mu da muke cewa hali zanen dutse, me zan gaya wa yara? Ga shi kuma yawancinsu Musulmi ne, labarin kuwa na Kirsimeti ne da fatalwa."

Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina karantar da wannan ɗan littafi, kuma da wuya shekara ta wuce ba a sami ɗalibin da ya ɗaga hannu ya faɗi abin da kika faɗa ba. Idan na fahimce ki, abu biyu ne ke damun ki. Na farko, ko sauyin da Ebenezer Scrooge ya yi na gaske ne, ko kuwa razana ce da za ta washe idan ya kwana biyu. Na biyu, yadda za ki shigar da labarin bikin Kirista, mai cike da matattu masu dawowa, cikin ajin da yawancinsa Musulmi ne. Na farkon zan fi daɗewa a kai, domin idan ya warware, na biyun ba shi da wuya.

Ra'ayina dai shi ne tsoron kabari ya zo ne a makare cikin labarin. Kafin a kai Scrooge maƙabarta zuciyarsa ta riga ta yi laushi, ya yi kuka, ya yi da-na-sani har sau biyu. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuma, tsoro shi ne ya mayar da shi marowaci tun da fari. Amma bari mu fara da inda littafin ya fito, saboda wanda bai san Ingilar wancan zamani ba zai ɗauka tatsuniya ce kawai.

Ingila a 1843

An buga littafin a Landan ranar 19 ga Disamba, 1843. Dickens yana da shekara 31 a lokacin, kuma cikin kusan mako shida ya rubuta shi. Kwafi 6,000 aka fara bugawa, ana sayar da kowane ɗaya sule biyar, kafin ranar Kirsimeti duk sun ƙare. Talauci kuwa ba a littafi ya karanta shi ba. A 1824 aka kulle mahaifinsa a Marshalsea, gidan yarin waɗanda suka kasa biyan bashi, shi kuma yana ɗan shekara 12 aka cire shi daga karatu aka kai shi masana'antar man goge takalmi, yana liƙa takarda a jikin kwalabe a kan sule shida a mako. Wannan tabo bai taɓa barin sa ba.

A farkon 1843 ya karanta rahoton wata hukuma da gwamnati ta kafa don binciken yadda ake sa ƙananan yara aiki a masana'antu, abin ya tayar masa da hankali ƙwarai. Da farko ya yi niyyar rubuta ƙasida ya yi kira ga mutanen Ingila a madadin ɗan talaka, daga baya ya ga labari zai fi ƙasida shiga jiki. A cikin wannan shekarar ya ziyarci wata makarantar 'ya'yan matalauta a unguwar Field Lane ta Landan, ya kuma yi jawabi a Manchester a watan Oktoba a kan ilimi da jahilci. Daga nan ya dawo gida ya zauna rubutu.

Akwai wata doka da ya kamata ɗalibanki su sani, wato dokar matalauta ta 1834. A ƙarƙashinta, mai lafiyar da ya rasa abin ci ba a so a ba shi taimako a gidansa, sai ya shiga gidan aikin gwamnati. A can ana raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, kuma da gangan aka tsananta zaman wurin don kada kowa ya je sai wanda ya rasa yadda zai yi. Masu ilimin zamanin suna da hujjarsu: tun 1798 wani masanin tattalin arziki, Thomas Malthus, ya rubuta cewa yawan jama'a yana ƙaruwa fiye da yadda abinci ke ƙaruwa, wasu kuma suka ɗauki wannan suka mayar da shi dalilin cewa taimakon talaka ƙara matsala ne. To, lokacin da mutum biyu suka shigo ofishin Scrooge neman gudummawa don matalauta, ya tambaye su ko an rufe gidajen yari da gidajen aiki ne, suka ce da yawa gara su mutu da su je can, ya ce to su mutu mana a rage cunkoso. Wannan magana ba haukan mutum ɗaya ba ce. Abin da manyan mutane masu mutunci ke faɗa ne a lokacin, Dickens ya cire masa ado ya sa a bakin tsoho ɗaya don a ji muninsa. Scrooge yana biyan haraji, ba ya sata, ba ya cin bashin kowa. A ganinsa ya sauke duk wani nauyi da ke kansa. Wannan ne ya sa ya fi ɓarawo wuyar gyara.

Abin da ya faru kafin a kai shi kabari

Ki koma babi na biyu ki karanta a hankali, da fensir a hannu. Fatalwar farko cikin ukun da aka aiko masa, ta shekarun da suka wuce, ba ta yi masa barazana ko ɗaya ba. Makarantar kwanan da ya yi tana yaro ta kai shi. An ba da hutu, kowane yaro ya tafi gida, shi kaɗai aka bari a wani ɗaki mai sanyi yana karatu a gaban 'yar wuta. Abokan hirarsa mutanen cikin littattafai ne, har da Ali Baba, wanda ɗalibanki sun san shi. Tsohon da ba a taɓa ganin hawayensa ba ya zauna a kan benci ya fashe da kuka. Yana share ido sai ya ce jiya wani yaro ya zo ƙofarsa yana waƙa, da ma ya ba shi wani abu. Yaron nan kuwa da rula ya kore shi. Ki lura, a nan ba a ambaci mutuwa ba, ba a nuna masa azaba ba. Kansa ya gani yana yaro marar gata, sai ya tuna da wani yaron. Ni a nan nake ganin sauyin ya fara.

Na biyu ya fi wannan ƙarfi. Aka kai shi wurin tsohon ubangidansa Fezziwig, inda ya koyi aiki. Daren biki ne, maigidan ya sa an rufe shago, an share wuri, an kawo mai goge, ma'aikata da maƙwabta suna ta rawa da ci da sha. Fatalwar ta ce, don ta gwada shi, ai abin da mutumin ya kashe bai wuce fam uku ko huɗu ba, mene ne abin yabo? Scrooge ya yi zumbur ya kare ubangidansa. Ya ce ba maganar kuɗi ba ce, ubangida yana da ikon mayar da aiki mai sauƙi ko mai nauyi, ya sa ka farin ciki ko baƙin ciki, kuma ikon nan yana cikin kallo da kalma da ƙananan abubuwan da ba sa lissaftuwa. Bai rufe baki ba sai ya yi shiru, ya ce da ma zai iya gaya wa akawunsa wata 'yar magana yanzu. Da bakinsa ya yanke wa kansa hukunci. Akawun nan, Bob Cratchit, shi ne wanda ke zaune a wani ɗan lungu da garwashi kamar guda ɗaya a murhu, akwatin gawayi kuma yana ɗakin maigida, har yakan kai hannu kusa da kyandir ko ya ji ɗumi.

Sai kuma Belle, yarinyar da ya yi wa alkawarin aure suna matalauta. Ita ce ta gano ciwon, kuma a wurinta amsar tambayarki take. Da ta zo ta sauwaƙe masa alkawarin, ta ce wani gunki na zinariya ya ƙwace mata wuri a zuciyarsa. Ya kare kansa da cewa babu abin da duniya ta fi wulaƙantawa kamar talauci. Sai ta ce masa tsoron duniya ya yi masa yawa, duk burinsa ya narke ya koma buri ɗaya, na kada duniya ta sami abin goranta masa. Wato yaron da aka manta da shi a makaranta ya girma ya rantse ba zai sake buƙatar kowa ba. Kuɗinsa katanga ce. Ba ya ma cin su: ɗakinsa duhu saboda duhu ba a biya, in ya dawo da dare ɗan kunu yake sha a gaban wutar da ba ta ɗumama komai. Wanda ke jin daɗin dukiya ba haka yake zama ba.

Saboda haka idan aka ce tsoro ne ya sauya shi, sai in ce ai a cikin tsoro ya kwashe shekarunsa duka. Da tsoro yana sa kyauta, da tuni ya fi kowa buɗaɗɗen hannu.

Fatalwa ta biyu ta kai shi gidan Cratchit a unguwar Camden Town. Mutumin yana karɓar sule 15 a mako, ga mata ga 'ya'ya shida, ƙaraminsu Tim yana dogara sanda, ƙafafunsa ɗaure da ƙarfe. A nan ma kafin wata barazana Scrooge ya tambaya, cikin damuwar da bai saba da ita ba, ko yaron zai rayu. Fatalwar ta ce in abubuwa ba su sauya ba zai mutu, sannan ta mayar masa da maganarsa ta rage cunkoso. Sai ya sunkuyar da kai. Jiya "talakawa" kalma ce a bakinsa, taro ne marar fuska. Yau yana da suna da sanda da wurin zama kusa da babansa. Gani ya kori ji.

Tsoro yana nan, ban musa ba. Fatalwa ta uku ba ta magana, nuni kawai take yi. Ta nuna masa 'yan kasuwa suna hirar wani da ya mutu, ɗaya yana cewa zai je jana'iza in akwai abinci. Ta nuna masa masu yi wa mamacin aiki suna sayar da kayansa a wani shagon gwangwan, har labulen gadonsa da rigar da aka sa wa gawar. Da ya roƙi a nuna masa wanda mutuwar ta taɓa, sai aka kai shi gidan wasu ma'aurata da ake bin su bashi, suna ajiyar zuciya don sun sami sarari. Amma ki duba abin da ya tambaya a bakin kabarin mamacin, kafin ya ga sunansa ne a jiki: shin waɗannan abubuwa dole ne su faru, ko kuwa suna iya faruwa ne kawai? Scrooge ya san zai mutu ko ya gyara ko bai gyara ba. Abin da ya firgita shi shi ne ya mutu a matsayin wancan mutumin. Tsoron ya zo ne ya sa shi gaggawa a kan hanyar da ya riga ya juyo.

Hali zanen dutse

Karin maganar nan ina girmama ta, kuma ba na son ki gaya wa yara ƙarya ce. Amma bari in ba ki labarin wani dattijo da na sani a unguwar da na tashi. Ɗan kasuwar hatsi ne, kuma rowarsa har misali ake yi da ita. In zai auna miki gero, sai ya sa gefen hannu ya shafe bakin mudu har ƙwaya ɗaya ba ta tsaya a sama ba. Daga baya na ji daga manya cewa maraya ne, ya yi bara a shekarar yunwa, ya taɓa kwana biyu bai sa komai a baki ba. Da ya manyanta ciwo ya kwantar da shi wata da watanni. Wanda ya riƙa zuwa yana juya shi, yana kai shi bayan gida, yana wanke masa tufafi, shi ne yaron shagonsa da ya shekara goma yana ba shi abin da bai taka kara ya karya ba.

Da ya tashi, bai zama wani mutum dabam ba. Fuskar nan a ɗaure take, ciniki kuwa har kwabo sai ya ja. Amma ya sallami yaron da jari mai kauri, ya kama masa shago. Kuma duk azumi sai a ga buhuna a zauren wasu gidaje ba a san wanda ya aiko ba, sai bayan rasuwarsa mai amalanken ya faɗa. Ƙwazon da yake sawa wajen ƙirga abin da ya shigo, shi ya koma sawa wajen ƙirga gidajen da ba a ɗora tukunya ba.

To a nan nake ganin inda karin maganar ta yi gaskiya da inda ta tsaya. Zafin rai, naci, son lissafi, waɗannan zanen dutse ne. Inda mutum ya fuskantar da su kuwa yana juyawa. Dickens ya san wannan. Scrooge na ƙarshen littafi bai rufe ofis ya rabar da dukiyarsa ya shiga daji ba. Washegarin Kirsimeti da sassafe yana kan kujerarsa, ya ƙirga cewa Bob ya makara da minti 18 da rabi. Shi ne dai. Batun dare ɗaya kuma, wannan dabarar marubuci ce: ya tattara abin da kan ɗauki mutum shekaru, tunani da kunya da nadama, ya matse shi cikin sa'o'i don mai karatu ya ga tafiyar gaba ɗayanta. Dattijon unguwarmu watanni ya yi a kwance yana kallon rufi kafin ya kai inda Scrooge ya kai da asuba.

Akwai masu sharhin da suka ce irin wannan murna mai kama da zauci ba ta ɗorewa, bayan biki zai koma gidan jiya. Zargin yana da tushe, domin mun sha ganin wanda ya fito daga asibiti ko ya dawo daga jana'iza da alkawura, bayan mako uku ya manta. Abin da ya sa na yarda da na Scrooge shi ne irin ayyukan da marubucin ya zaɓa ya nuna.

Talotalo da albashi

Yara sun fi son wurin talotalo. Da gari ya waye ranar Kirsimeti, Scrooge ya leƙo ta taga ya kira wani yaro, ya aike shi ya kira mai sayar da kaji, ya yi masa alkawarin sule, in kuma ya dawo kafin minti biyar ya ba shi sule biyu da sisi. Ya sayi ƙaton talotalo ya aika gidan Cratchit, kuma ya ce kada a san wanda ya aiko. Wannan ɓoyewar tana da kyau, amma kyautar rana ɗaya ce, kuma kowane marowaci yana iya yin irinta in ya ji daɗi.

Ni abubuwan da suka biyo baya nake sa ɗalibai su ja wa layi. Ya haɗu a hanya da ɗaya daga cikin mutanen da ya kora jiya, ya tare shi ya nemi gafara, ya raɗa masa wani adadi a kunne, ya ce a ciki har da bashin baya mai yawa. Bashi ya kira shi. Wanda ya ɗauki abin da yake bayarwa a matsayin bashi ya daina ganin kansa mai alfarma. Washegari kuma ya ƙara wa Bob albashi, ya ce zai tallafa wa iyalinsa, ya umarce shi ya ƙara wuta ya sayo wani bokitin gawayi kafin ya sake ɗora alƙalami a takarda. Albashi abu ne da ake biya kowane mako, ranar da kake cikin nishaɗi da ranar da ba ka ciki. Ya ɗaure kansa da alherin da ba ya jiran yanayin zuciya.

Wata shekara na sa 'yan ajina su yi muhawara a kan wanne ya fi, talotalo ko ƙarin albashi. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta miƙe ta ce babanta maigadi ne a wani gida. Duk Sallah maigidan yana ba shi shadda da buhun shinkafa, kuma sai an kira shi gaban baƙi an ba shi, ya durƙusa ya yi godiya. Amma shekara shida ke nan albashinsa bai motsa ba. Ta ce ita da za a tambaye ta, a riƙe shaddar. Ajin ya yi tsit. Tun daga ranar ban sake karantar da wannan babi ba tare da na tuna da ita ba, kuma in gaya miki gaskiya, a wannan watan na koma na duba abin da nake biyan matar da ke taya iyalina aiki.

A nan kuma ya kamata ki nuna wa manyan ɗalibai iyakar labarin. Marubucin Ingila George Orwell, a sharhin da ya yi kan Dickens a 1940, ya lura cewa maganin da Dickens ke kawowa kullum shi ne mai kuɗi ya sauya zuciya, tsarin da ya haifar da talaucin kuwa yana nan yadda yake. Wannan gaskiya ne. Tim ya rayu saboda ubangidan babansa ya yi mafarki. Akawun da ke ofishin gaba fa, wanda ubangidansa ya yi barcinsa lafiya? Gidajen aikin nan ba a rufe su a ƙarshen littafi ba. Sai dai Dickens bai makance da wannan ba. A ƙarshen babi na uku, yara biyu ramammu masu ban tsoro suka fito daga ƙarƙashin rigar fatalwa, namijin sunansa Jahilci, macen sunanta Rashi. Fatalwar ta ce 'ya'yan ɗan Adam ne, a yi hattara da su, musamman namijin. Waɗannan biyun babu talotalon da aka aika musu, kuma ba a sake ambatarsu ba. Ina ganin da gangan ya bar su a hannun mai karatu.

Kirsimeti da fatalwa a ajin Musulmi

Wannan bai kamata ya ɗaga miki hankali ba, muddin kin yi bayani tun ranar farko. Shi kansa marubucin a bangon littafin ya kira shi labarin fatalwa, kuma ba da irin waɗannan labarai a dararen hunturu al'ada ce ta Turawan Ingila, kamar yadda muke zama a tsakar gida a yi mana ta Gizo da Ƙoƙi ba wanda ya ɗauke ta aƙida. Ki gaya musu labari ne na wasu mutane a ƙasarsu da bikinsu, za mu karanta don mu fahimce su. Ba a nemi kowa ya yi bikin ba. In akwai Kiristoci a ajin, ki ba su dama su faɗi yadda ake Kirsimeti a gidajensu, abincin da ake kai wa maƙwabta da ziyarar dangi. Na ga yadda wannan ke sa yara su saki jiki da juna.

Akwai kuma wata gaɓa da nake jin daɗin kaiwa gare ta. Marley, abokin kasuwancin Scrooge da ya mutu shekara bakwai da suka wuce, ya zo yana jan sarƙar da aka ƙera da akwatunan kuɗi da makullai da littattafan lissafi, ya ce da hannunsa ya ƙera ta yana raye. Da zai tafi, Scrooge ya leƙa taga ya ga sararin sama cike da irinsa. Ɗaya daga cikinsu, da ƙaton akwatin ƙarfe ɗaure a ƙafa, yana kuka saboda ya ga wata mata da jariri a bakin ƙofa kuma ba shi da ikon taimakonta. Azabarsu ke nan: suna son yin alheri, lokaci ya ƙure. Duk shekarar da na karanta wannan wuri sai wani ɗalibi ya kawo ayar ƙarshen Suratul Munafiƙun, inda wanda mutuwa ta zo masa yake roƙon a jinkirta masa kaɗan don ya yi sadaka. Ɗalibai Kiristoci kuma sukan kawo misalin mai arziki da Li'azaru a Linjilar Luka sura 16, inda mai arzikin ya roƙi a aika wani ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar aka ƙi. A duka biyun ƙofa a rufe take. Dickens ya ƙirƙiro mutum ɗaya da aka buɗe wa ita, ya ga ƙarshensa ya dawo. Yara suna gane wannan da kansu, ba sai kin yi wa'azi ba. Ni malamin adabi ne, don haka in tambaya ta koma ta hukuncin addini nakan ce su kai ta ga malamansu, mu kuma mu ci gaba da abin da ke kan takarda. Haka nan abin da na faɗa kan yadda mutum ke sauyawa, daga aji da zaman unguwa na samo shi, wani zai iya kawo miki misalin marowacin da ya ga duk abin da dattijon nan ya gani bai motsa ba. Akwai su, na san wasu.

Shawarata ta aiki ita ce kada ki yi gaggawar babi na biyu, ki ba shi darasi uku in da hali, domin wanda ya tsallake shi dole ya ƙare da ra'ayin cewa tsoro ne kawai. Ki sa su rubuta duk wurin da Scrooge ya ce "da ma", su lura a wane babi yake. A babi na ƙarshe kuma akwai wani ɗan wuri da yawancin masu karatu ke wucewa da gudu. Fred, ɗan 'yar'uwarsa Fan da ta rasu, yana zuwa duk shekara ya gayyace shi cin abinci, duk shekara yana korar sa. Ranar Kirsimeti Scrooge ya nufi gidan, amma sai da ya wuce ƙofar sau goma sha biyu kafin ya iya ƙwanƙwasawa. Mutumin da ya saki kuɗi da safe ba tare da ya yi ɗar ba, ga shi ya kasa hawa matakala. A nan nake rufe littafin in ce kowa ya rubuta abin da ke ran tsohon a wannan kai-kawo.

Bara wani yaro ya rubuta cewa kunya ce, domin bayarwa tana barin ka a sama, amma shiga gidan wanda ka wulaƙanta kana neman ya karɓe ka sai ka sauko. A ƙasan takardar ya ƙara da ƙananan haruffa cewa yana da baffa da rabonsa da gidansu tun rigimar gado, amma yakan gan shi wani lokaci da yamma ya biyo ta layinsu a kan babur, ya rage gudu daidai ƙofarsu, sannan ya wuce.